Allon Gidan Tafin Ƙarfe

A can zamanin da ƙasar Sin take gutsi-gutsi, kowane kwari da sarkinsa, kowane sarki da maƙiyinsa a bayan dutse, an yi wata masarauta da ake kira Lunshi. Sarkinta Helan ne, mutum mai son a yabe shi da safe, a ƙara masa da yamma. Wajen ƙofar arewa ta birninsa akwai gidan koyon faɗa da ake ce wa Gidan Tafin Ƙarfe. Allon sunan wannan gida ne ya kai wata tsohuwa gaban sarki da shatin bulala a gadon bayanta.

Mai gidan sunansa Wentai. Ɗalibansa suna ce masa Shifu, wato malam kuma uba, matarsa Kwang kuwa suna ce mata Shimu. Ba a kwance ya samu sunan ba. Yana ƙarami aka kawo shi gidan, kuma shekarunsa na farko ba a nuna masa ko yadda ake dunƙule hannu ba. Tsayuwa ce kawai, ƙafafu a buɗe, gwiwa a lanƙwashe, kamar wanda ya hau dokin da babu shi, har cinyoyi su kama rawa, gumi ya jiƙa ƙasa. Da ƙafa ta kafu aka ba shi buhun wake ya riƙa mari safe da yamma, wake ya zama gari a sake wani. Bayan shekaru aka sauya masa tsakuwa. Sai da gemu ya tsiro masa sannan aka bar shi ya taɓa buhun ƙwayar ƙarfe. Kuma duk wanda ya gama dukan buhu, tilas ne ya tsoma hannu a jiƙo mai ɗumi, a murza masa yatsa bayan yatsa don jinin da ya kwanta ya watse. Jiƙon nan aikin matan gidan ne. Saiwoyi ne da ɓawon itatuwa a cikin giyar shinkafa, a liƙe bakin tulu da yumɓu a binne, ba a tono shi sai jaririn da aka haifa a shekarar ya isa aike. Haka Wentai ya tashi, haka ya koyar har kansa ya yi fari, tafinsa yana fasa bulo amma yana iya zura zare a allura.

Cikin duk waɗanda suka raina, babu wanda suka wahala a kansa kamar Zishan. A bakin kasuwa aka tsince shi. Shimu Kwang ce ta aske masa kai saboda kwarkwata, ita ta wanke masa gyambo, ita ta murza masa yatsu har ya zama mutum. Da ya ga ya iya, sai ya shige fada, ya yi ta fasa tukwane a gaban manya har Waziri Tantai ya ba shi 'yarsa, Sarki ya naɗa shi Sarkin Horo, mai horar da mayaƙansa. Abu ɗaya ya rasa, suna mai asali. To, al'adar masu faɗa a ƙasar ita ce, duk wanda ya kayar da malami a ƙofar gidansa gaban shaidu, shi ke sauke allon sunan gidan ya tafi da shi, kuma malamin ba ya ƙara koyar da kowa. Zishan ya jira har zazzaɓi ya kwantar da Wentai, ranar da tsohon ya fara fitowa shan hantsi sai shi Zishan ya zo da dogarai da maroƙa, ya ce ya fita daga ɗalibta, ya nemi karawa. Wentai ya ƙi ɗaga hannu a kan yaron da ya raina. Shi kuwa marar kunyar ya ɗaga nasa, ya doki ƙirjin malaminsa. Suka sauke allon, suka tone tulun jiƙo ɗaya da ya rage a bayan ɗaki, suka tafi ana kiɗa.

Tun ranar Wentai ya juya fuska ga bango, ba ya cin komai sai kurɓar ruwan shinkafa. Kwang ta ce ya tashi ya kai ƙara, ya ce malamin da ya kai ƙarar ɗalibinsa kansa ya tona wa asiri. Ta ce to ya zauna da asirinsa, ita ba ta da wanda za ta rufa. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya na allon ba, amma ita ke goge shi tun tana amarya, kuma ta san in bai koma ƙofar ba, gawa za ta fitar daga ɗakin nan kafin sanyi ya shigo.

A ƙofar fada akwai wata babbar ganga ta masu ƙorafi. Wanda ya buga ta, dole Sarki ya saurare shi, amma sai an fara yi masa bulala, wai don a rage maƙaryata. Kwang ta buga. Dogarai suka dubi furfurarta suka dubi juna, ta ce musu su yi aikinsu su daina kallonta kamar ba su da uwa a gida. Suka yi, ba ta ba su ko tari ba.

Ta tarar majalisa ta cika, don jakada ya iso da ƙura har gira. Yana durƙushe yana faɗin cewa mayaƙan masarautar Baitu, maƙiyan Lunshi, sun haye kogi, sun ƙone garuruwan bakin iyaka, kuma sun nufo Kwazazzabon Farin Dutse, wanda in suka wuce shi babu abin da ya rage tsakaninsu da birni sai gonakin gero. Aka ce wa tsohuwar ta durƙusa a gefe ta jira manya su gama.

Madaki Gweiyun, tsohon mayaƙi mai ido ɗaya, shi ya fara magana. Ya ce a kai maharba saman duwatsu biyu, a toshe bakin kwazazzabon da itatuwa, a bar yunwa ta yi wa Baitu abin da takobi zai yi. Waziri Tantai ya gyara hannun riga, ya yi murmushi irin na wanda bai taɓa kwana a sansani ba.

“Ranka ya daɗe shekara dubu goma, hasken Lunshi, inuwar Sama a bisa ƙasa. Ɓuya a bayan dutse dabara ce ta sarakunan da ba su da abin nunawa. Kai kuwa Sama ta ba ka abin da ba ta ba kakanninka ba. Sarkin Horo ya ɗauki samarin ƙasarka a farkon bazara, ga shi kaka ba ta ƙare ba ya mayar maka da su Rundunar Tafin Ƙarfe. Abin da tsofaffi ke ja wa rai rabin rayuwa, shi ya gama shi a damina ɗaya. Bari Baitu su zo da garkuwoyinsu, a fili za a farfasa su, labari ya kai har teku.”

Sarki ya juya ga Sarkin Duba. Wannan ya ce alamu sun bayyana ƙarara, domin kwana da kwanaki hankaki suna shawagi a kan barikin sabuwar runduna, ba sa zuwa ko'ina sai nan. Tsuntsu, in ji shi, ya san inda nama zai fito, sun zo ne su bi mayaƙan Sarki zuwa gawarwakin Baitu. Majalisa ta amsa da cewa haka ne, haka ne.

Kwang tana durƙushe, bayanta yana zafi, amma ba bulalar ce ta dame ta ba. Hancinta ne. An cika zauren da turaren wuta, kasko a kowace kusurwa, hayaƙi har yana sa hawaye, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari da ta sani, irin na naman da aka manta a tukunya lokacin zafi. Ta bi shi da ido har jikin bango, inda samarin sabuwar runduna suke tsaye a jere, kowa da jar safar hannu ta alharini har gwiwar hannu. Fuskokinsu sun yi toka-toka. Ƙudaje suna sauka a kan safar, babu mai korarsu.

Da aka ba ta izini ba ta tsaya kirari ba.

“Ranka ya daɗe, ni ban iya maganar fada ba. Ɓarawo na biyo, ga shi can a damanka da hula mai gashin tsuntsu. Ya doki mijina yana majinyaci, ya sauke allon gidanmu. A ba ni allona in tafi, ina da marar lafiya a gida.”

Zishan ya miƙe a hankali, ya yi ƙiba, wuyansa ya yi taiɓa biyu. Ya gaida Sarki, ya ce wannan mata tsufa ne ya taɓa ta, allo kuwa bisa al'ada ya ɗauke shi, gaban shaidu.

“Wannan mata,” in ji Kwang. “Bakin da ya ce wannan mata, ni na ɗura masa kunu yana zawo a zanina. Zishan, dube ni. Da me ka fara wa yaran nan, da wake ko da ƙarfe?”

Ya ce sirrin horo ba abin faɗa ba ne a gaban jama'a. Ta ce tulu ɗaya ya sata, wanda ba zai ishi mutum goma ba, to da me yake jiƙa hannun runduna guda, da ruwan rijiya? Sannan ta juya ga Sarki ta ce ita ba ruwanta da yaƙinsu, su ci ko a ci su, amma in yana son ya san abin da hankaki suke bi, ya sa ɗaya daga cikin yaran can ya cire safa.

Madaki ya ɗaga idonsa ɗaya ya dubi samarin, ya daɗe yana dubansu, sannan ya mayar da shi ƙasa. Ya gane, kuma ya yi shiru, don shi ma yana da gida da jikoki. Waziri ne ya cike gurbin. Ya ce safar nan kariya ce ga mutanen fada, domin tafin da ya ƙoshi da ƙarfe in ya taɓa mutum ko da wasa sai ƙashi ya tsage, kuma bai kamata a tsiraita makamin Sarki don wata tsohuwa ta ji daɗi ba. Sarki ya gyaɗa kai, abin ya yi masa daɗi a kunne. Ya kira ɗaya daga cikin samarin ya tambaye shi ko hannunsa yana ciwo. Yaron ya dubi Zishan, ya ce ba ya yi. Ai ba zai ce yana yi ba. Abu na farko da ake koya wa ɗalibin faɗa a ƙasar shi ne, ba a kukan ciwo a gaban malami.

Waziri ya roƙi alfarma ɗaya. Ya ce tunda tsohuwa tana shakka, kada a hukunta ta, a sa ta cikin masu ɗebo wa runduna ruwa, ta je ta ga nasara da idonta, ta dawo ta ba mijinta labari. Fada ta yi dariya. Sarki ya ce an yi haka, maganar allo kuma a bar ta sai bayan yaƙi. Kwang ta tofa yawu a kan shimfiɗar zauren, dogarai suka ja ta waje.

Ta bar wa maƙwabciya amanar Wentai, ta bi amalanken ruwa. A zangon farko ta ga abin da ta riga ta sani, amma sani daban, gani daban. Samarin suka zagayo bayan amalanke inda manya ba sa gani, suna ce mata Kaka, suna roƙon ta taimaka ta zare musu safa, don da kansu ba sa iyawa. Alharinin ya manne da nama. In ta ja, fata ta biyo. Hannuwa sun kumbura kamar gorar da aka cika, yatsu sun yi baƙi, wasu faratansu sun zube, ruwa mai rawaya yana bin gwiwar hannu. Wani ta buɗe nasa ta ga tsutsa tana motsi tsakanin yatsu, ta juya ta amayar da abin da ke cikinta, ta goge baki ta dawo ta ci gaba. 'Ya'yan manoma ne, da masunta, da masu saƙar tabarma, waɗanda duk arzikinsu a duniya hannun nan ne. Suka gaya mata tun ranar farko ƙarfe aka ba su, safe da rana da yamma, wai don a gajarta hanya. Jiƙon kuwa cokali ake zubawa a randa, daga baya ma aka koma ruwan ganyen shayi don launi. Da kumburi ya fara, Sarkin Horo ya ce musu ƙarfe ne ke shiga ƙashi, wanda nasa ya fi kumbura shi ya fi ƙarfi.

Suka tambaye ta ko tana da magani. Ta ce musu gaskiya, jiƙo yana hana ɓarna ne, ba ya tayar da naman da ya mutu. Ta wanke abin da ke wankuwa da ruwan gishiri, ta yage zaninta na sama ta ɗaure. Wani ɗan masunci mai suna Ahai ya roƙe ta ta ɗaure masa mashi a hannu da tsumma, tunda yatsun ba sa kamawa. Ta ɗaure. Sai sauran suka yi layi. Haka ta wuni tana ɗaure makami a jikin ruɓaɓɓen nama, tana zagin Zishan, da Waziri, da Sarki, da mijinta ma da ya ƙi ɗaga hannu ranar da ya kamata.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da rundunonin suka ga juna a bakin Kwazazzabon Farin Dutse. Madaki ya sake neman a bar shi ya hau duwatsu da maharbansa, Zishan ya ce ya hau, ya yi kallo daga can, don kada a ce an raba nasara da shi. Kwang tana kan amalanke a gangaren tudu, komai a idonta. Mutanen Baitu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, garkuwa a gaba, dogayen masu sun leƙo ta sama. Aka buga tambura. Zishan yana kan farin doki a baya, ya ɗaga tuta, ya ba da umarni kowa ya kwance mashinsa ya jefar, a shiga da tafi kamar yadda aka yi wa Sarki alkawari. Waɗanda Kwang ta ɗaure wa ba su ma iya kwancewa ba.

Suka ruga, jajayen hannuwa a sama. Ba za a ce musu matsorata ba, ko kusa. Na farkon da ya isa ya mari garkuwa da duk ƙarfinsa, hannun ya fashe a cikin safa, ya durƙusa yana riƙe da shi, aka soke shi a wuya. Haka na biyu, haka na bayansa. Mutanen Baitu da farko sun ja da baya don sun ji labarin tafin ƙarfe, amma da suka ga abin da ke faruwa sai suka fara dariya, suna matsowa taku bayan taku suna suka, kamar masu girbi. Warin ya taso har tudu. Hankakin da suka biyo runduna tun daga birni suka sauka, ba su ko jira a gama ba.

Kwang ta nemi farin doki da ido, ta hango shi ya juya, ya nufi hanyar birni, mai shi ya kwanta a wuyansa yana ta dukan cikinsa da dunduniya. Hannuwansa lafiya lau suke riƙe da linzami.

Abin da ya hana Baitu kwana a fadar Helan shi ne maharban Madaki. Da masu garkuwa suka biyo ragowar samarin cikin matsatsin kwazazzabo, sai kibau suka sauko musu daga duwatsu biyu, aka gangaro da itatuwa da manyan duwatsu aka toshe baki. Kafin la'asar Baitu sun ja da baya zuwa kogi. An tsare birni, amma Rundunar Tafin Ƙarfe, in ka ga mutum goma sun tafi, da ƙyar biyu suka dawo, su ma wanzamai suna ta yanke musu abin da ya ruɓe. Ahai ya dawo a amalanken ruwa, kansa a cinyar Kwang, hannunsa na dama an bar shi a can.

Ta tarar da Wentai yana nan da rai, ya zama ƙashi da fata, fuska ga bango. Ta ba shi labari duka, ba ta rage masa komai ba. Sai ta ga kafaɗunsa suna motsi da kuka.

Dokar Lunshi a fili take: shugaban da ya gudu ya bar runduna, kansa ake sarewa a kasuwa, surukansa kuma a tuɓe su daga sarauta. Kwang tana jiran ta ji gangar kisa, sai ta ji algaita ta nufo ƙofar arewa. Ta leƙa. Ga allon gidansu an ɗauko shi a kan kafaɗu an lulluɓe da jan ƙyalle, ga Waziri Tantai a cikin kujerar ɗauka, ga Sarkin Fada da sandarsa, ga Madaki a gefe. A tsakiya Zishan ne, ba hula, ba takalmi, sanye da rigar ɗalibai ta farin sawaye, yana tafe da gwiwa. Jama'ar unguwa sun biyo su, cikinsu har da samarin da suka tsira, da dungulmi a naɗe cikin tsumma.

Waziri ya sauko ya rusuna mata, shi da ya sa fada ta yi mata dariya.

“Uwa mai daraja, Shimu ta Gidan Tafin Ƙarfe, Sarki ya duba kukanki ya ga gaskiyarki. Ga allonku ya dawo. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba sabo ba ne, dokar kakanni ce. Laifin ɗalibi na gidan malaminsa ne. In ɗan da ya ɓata ya dawo ya miƙa shayi, Shifu ya sha, Shimu ta sha, ya koma ɗan gida, kuma takobin Sarki ba ya shiga tsakanin uba da ɗa. In an sha, a rataya allo yau. In an ƙi, allo ya koma fada tare da mai laifi.”

Wato sun tono tsohuwar doka ne don su ceci wuyan surukinsu da rawanin Waziri, kuma da allonta za su saye ta. Kafin ta buɗe baki ta ji motsi a bayanta. Wentai ne ya fito yana dafa bango, idonsa a kan jan ƙyallen nan kamar mayunwaci ya ga tuwo. Aka kawo masa kujera. Zishan ya matso da gwiwa, ya buga goshi a ƙasa, ya ɗaga ƙoƙon shayi da hannu biyu yana kuka da majina, yana cewa Shifu, Shifu. Tsohon ya karɓa ya sha.

Aka sake cikawa, Zishan ya juyo gare ta. Yanzu ya tuna sunanta. Ta dubi hannuwan da ke riƙe da ƙoƙon, farare, masu laushi, da zobe a yatsa, suna ƙamshin jiƙonta. Ashe abin da ya hana yaran mutane, kansa ya ajiye wa. Ta dubi mijinta, wanda in allon nan ya juya ba zai kai sabon wata ba. Ta dubi Ahai a cikin taro.

Ta ce wa Waziri ita tsohuwa ce, kunnenta ya yi nauyi, a sake faɗa mata dokar da ƙarfi, kuma Sarkin Fada ne zai faɗa da sandarsa a hannu. In ya koma ɗan gida, wa ke da iko da horonsa? Sarkin Fada ya buga sanda ya ce gidan malaminsa. Ta ce ko Waziri zai iya sa baki? Ya ce ko Waziri ba zai iya ba. Ta ce Sarki fa? Ya ce ko Sarki, haka kakanni suka ajiye. Madaki ya ce shi shaida ne, kuma wannan karon bai sunkuyar da ido ba.

Ta karɓi ƙoƙon ta shanye, ta yamutsa fuska kamar ta sha ruwan kwata. Aka yaye ƙyalle, aka ɗaga allon aka rataya a ƙugiyoyinsa, algaita ta ɗauka. Waziri ya saki ajiyar zuciya, ya ce to, sai Sarkin Horo ya tashi su koma, 'yarsa tana jira.

“Ina zai je?” in ji Kwang. “Ɗalibi ne, yau ya shigo. Sabon ɗalibi ba ya fita ƙofar nan sai an sallame shi. Ku shiga ɗakin baya ku fito min da buhun ƙarfe.”

Wentai ya ɗago kai ya ce a hankali, “Kwang, ai da wake ake farawa.”

“A gidanka. Shi ya zo da sabuwar hanya, Sarki ya yaba, Waziri ya yaba, an ce ta fi taka sauri. To a yi masa irin tasa, safe da rana da yamma.”

Tsohon ya dubi samarin da ke bakin ƙofa da tsummokaransu, sannan ya bar ta da hukuncinta.

Zishan ya kama ƙafarta yana cewa Shimu, jiƙo fa, a ba shi jiƙo. Ta janye ƙafar ta ce wanda ke gidan shi ya tone, sabo kuwa yau za ta binne, in ya nuna za a kira shi. Kafin nan akwai ganyen shayi.

Maharban Madaki biyu suka fito da buhun suna nishi, suka dire shi a kan turmin dutse a tsakar gida. Waziri ya buɗe baki, Sarkin Fada ya gitta masa sanda a gaba. Samarin suka shigo ɗaya bayan ɗaya suka zauna a gindin bango, ba wanda ya hana su. Kwang ta jawo kujera ta zauna daf da turmin, ta ce wa Ahai ya matso kusa, inda zai fi gani.

“Ɗaga hannu, ɗana,” ta ce. “Kuma ka san ƙa'ida, ba a kukan ciwo a gaban malami.”